Daga Gaban Allo: Jiya an ce mu sayi gishiri, yau an ce mu rage

A watan jiya na yi muku alkawarin za mu duba maganar kuɗin littattafai da yadda yake karya iyaye a farkon shekarar karatu. To ku yi mini afuwa, wani abu ya auku a gidanmu da ya sa na jingine wancan zance sai wani jiƙon. Yau maganar gishiri za mu yi.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tela ne a nan Briqueterie, ya haura shekara 30 yana ɗinka manyan riguna. Shekara biyu ke nan da ya fara kukan ciwon kai da jiri. Aka kai shi asibiti, aka ɗaura masa abin awo a dantse, likita ya ce hawan jini ne, wato abin nan da muke kira tansiyon. Aka rubuta masa ƙwayoyi, aka kuma ce ya rage gishiri. Matarsa, wadda mu duka muke kira Inna, mace ce mai tattalin miji. Tun daga ranar ta raba masa tukunya, tasa miyar daban, ta sauran gida daban.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya in gaishe shi, na tarar yana cin tuwo, ya ce in sa hannu. Loma ɗaya na yi na ji miyar ta fi ta gidana gishiri. Da Inna ta zo ɗaukar kwano sai na ce, "Inna, ba an ce Kawu ya rage gishiri ba?" Ta ce, "Wallahi Malam ko ƙwaya ban sa ba. Kub kawai na ƙara masa, don kada miyar ta yi lami ya ƙi ci." Na ce guda nawa? Ta ce uku. Uku a miyar mutum ɗaya! Na yi 'yar dariya, na ce ai shi ma da gishiri a cikinsa, na bar maganar a nan saboda ina jin nauyinta. Wannan shirun nawa yana cikin abin da ya sa nake rubutun nan yau.

Bayan wasu watanni wani abokinsa ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp. Mai maganar, wanda ba a san ko wane ne ba, ya ce wai manyan likitoci a Kanada sun gano zancen gishiri duk ƙarya ne, wai wanda ya rage gishiri ma shi ya fi saurin mutuwa. Kawu ya ce a haɗe tukunya. Da ƙwayoyin suka ƙare kuma bai sake saye ba, tunda kan ya daina ciwo. Na je na yi masa magana, ga amsar da ya ba ni: "Ɗana, ku 'yan boko ba ku da magana ɗaya. Kuna yara aka ce in kun yi zawo a ba ku ruwan gishiri da sukari. Aka dawo aka ce mu bar gishirin kasuwa mu sayi na leda mai magani. Yanzu an ce shi ɗin ma guba ne. Ga wasu kuma sun ce ba guba ba ne. To wanne za mu kama?"

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, lokacin da teloli ba sa runtsawa, ya tashi zai yi alwalar asuba sai buta ta suɓuce masa. Baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki. Hannun da yake riƙe almakashi da shi ke nan, kuma mutum 11 ke ci daga wannan hannu.

Ba zan ce gishiri kaɗai ya kayar da Kawu ba. Barin magani ya fi komai yi masa illa, ga shekaru, ga zama wuri ɗaya a kan keken ɗinki daga safe har dare. Amma tambayarsa tana nan, kuma na san da yawa cikinku kuna yin irinta a majalisa. Duk abin da ya lissafa kuwa an faɗa, bai yi wa kowa ƙarya ba. Amsar da na kasa ba shi a tsakar gidansa ita zan bayar a nan.

Kafin nan ya kamata mu tuna matsayin gishiri a wurin kakanninmu. Daga Bilma da Fachi, can cikin hamadar Nijar, Buzaye ke ɗauko kantu bisa raƙuma, su ratsa Tenere, su gangaro da shi Damagaram da Katsina da Kano. Akwai mangul na ƙasar Manga, da gishirin Foga, da na Awe da Keana a kwarin Binuwai, ga kanwa daga bakin Tafkin Chadi. Fatake Hausawa suka yi ta yawo da waɗannan kaya har sunan ya bi su. Ku shiga kasuwar Mokolo yau ku ji matar Bamenda da za ta haɗa miyar acu tana neman "kanwa", da sunanta na Hausa. Abin da aka sha wuya kafin a samu ba a yi masa almubazzaranci. Shi ya sa har gobe ake haɗa gishiri cikin kayan sa rana, shi ya sa muke cewa ilimi gishirin zaman duniya. Mutanen da suka gaji irin wannan girmamawa, ba ƙaramin aiki ba ne a shawo kansu cewa abin nan yana kisa. Sai dai a zamanin kantu tsakurar gishiri ake yi, a zamaninmu kuwa shi ne mafi arha a cikin cefane.

Maganar ruwan gishiri da sukari gaskiya ce, kuma ba wanda ya janye ta. Yaron da ke zawo yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa, in ba a mayar masa ba yana iya rasuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan haɗi ya ceci miliyoyin yara tun daga shekarun 1970. Amma magani ne na kwanakin ciwo, kamar karan ɗori da ake ɗaura wa mai karaya, ba wanda ya ce mai lafiya ma ya ɗaura. Ko shi ɗin, a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, tare da UNICEF sun rage yawan gishiri da sukarin da ke cikin fakitin, bayan gwaji ya nuna sabon haɗin ya fi rage amai da yawan zawo.

Ta biyu ita ce ta gishirin leda, wannan kuwa da idona na gani. A 1991 gwamnatin Kamaru ta wajabta a riƙa sa sinadarin aidin cikin gishirin da ake sayarwa don ci, kuma Farfesa Daniel Lantum na kan gaba cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki. Ina firamare a lokacin. Wata rana malaminmu ya ce kowa ya zo da ɗan gishiri daga gida a ƙulle cikin takarda. Ya jera su a kan tebur, ya bi yana ɗiga musu wani ruwa daga 'yar kwalba. Wanda ya rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi, akwai aidin, wanda ya tsaya fari kuma babu. Nawa fari ya tsaya fat, domin kakata ba ta yarda da kowane gishiri ba sai na dutse da ake aiko mata daga arewa. Na koma gida ina hawaye kamar wanda ya faɗi jarrabawa.

Dalilin dokar shi ne maƙoƙo. Akwai wani ɗan ƙullutu a gaban wuya da ke buƙatar aidin kafin ya yi aikinsa, in bai samu ba sai ya kumbura. Wanda ya yi tafiya zuwa Gabas, wajajen Batouri, ko tsaunukan Arewa maso Yamma a wancan zamani, ya ga mata da wuya kamar an rataya musu ƙoƙo. Kuma kumburin wuya shi ne ƙaramar illa. Babbar ita ce mace mai ciki da ba ta samun aidin, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ba ta ginuwa yadda ya kamata. Ni da nake wuni da yara a aji, wannan ta fi kowace tayar mini da hankali, domin yaro ne za a yi ta duka ana ce masa daƙiƙi alhali tun yana ciki aka tauye shi. An zaɓi gishiri ne saboda shi ne abin da kowa ke ci kullum, attajiri da talaka. Ƙasar Suwizalan ce ta fara wannan dabara tun 1922. Wato gishirin jaki ne kawai da aka ɗora wa kaya. Ba a taɓa cewa a ƙara cin gishiri ba, cewa aka yi wanda za a ci ya kasance mai aidin. Mu ne muka ji "gishiri mai magani" muka ɗauka yawansa ma magani ne.

Sai ta uku, ta hawan jini, wadda Kawu ke gani kamar jiya aka ƙirƙiro ta. Alal haƙiƙa ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun 1904 wasu likitoci biyu a Faransa, Ambard da Beaujard, suka lura idan aka hana masu hawan jini gishiri sai jinin ya sauka. A shekarun 1940, kafin a sami ƙwayoyin da muke sha yau, wani likita a Amurka, Walter Kempner, da shinkafa da 'ya'yan itace ba gishiri yake yi wa mutane magani. A 1988 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna Intersalt, inda aka auna mutum sama da 10,000 a ƙasashe 32. Aka tarar ƙabilar Yanomami ta dajin Brazil, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, jininsu ba ya hawa ko da sun tsufa, a wuraren da ake cin gishiri da yawa kuwa jinin yana hawa tare da shekaru.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ki bar gishiri a buɗe da damina a nan Yawunde ki ga yadda yake jan ruwa ya jiƙe. Haka yake yi a jiki. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira sodiyam, yana riƙe ruwa a cikin jini. Ƙoda ce ke fitar da rarar, amma in abin ya yi yawa shekara da shekaru sai jinin ya ƙaru, hanyoyinsa su taurare, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Wata rana hanya ɗaya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda wasunmu har yanzu ke cewa shafar aljanu ce ko jifa. Jiki yana buƙatar gishiri, amma abin da yake buƙata bai kai giram 2 a rana ba. OMS ta ce babban mutum kada ya kai giram 5, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, in an haɗa duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. A rahotonta na 2023 ta ce matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kusa giram 11.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A 1997 wasu masu bincike ƙarƙashin Richard Cooper suka buga sakamakon awon da suka yi wa baƙar fata a Nijeriya da Kamaru, da tsibiran Karibiyan, da Amurka. Asali ɗaya ne, amma masu hawan jini kashi 16 cikin 100 ne a Afirka ta Yamma, 26 a Karibiyan, 33 a Amurka, kuma ƙiba da yawan gishiri suna cikin manyan abubuwan da suka bambanta su. A nan gida, Farfesa Jean Claude Mbanya da abokan aikinsa sun auna mutane a 1994 a Cité Verte, maƙwabciyarmu, da ƙauyukan Evodoula. Da aka sake awo a Yawunde da Evodoula a 2003 sai aka ga masu hawan jini sun ninka, daga sau biyu har sau biyar, cikin shekara tara kacal. A 2015 Farfesa Samuel Kingue da wasu suka buga binciken da ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na manya a biranen Kamaru suna da hawan jini, kuma kashi 14 kawai cikinsu suka san suna da shi. Ku ƙirga sahun gaba a masallacin unguwarku, ku ware kusan mutum ɗaya cikin kowane uku.

To ina maganar Kanada ta fito? Ita ma tana da tushe, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mu 'yan boko mu yi wa mutane adalci mu faɗi gaskiya. A 2014 masu bincike na Jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 100,000 a ƙasashe 17. Suka ce waɗanda suka fi cin gishiri sun fi mutuwa da ciwon zuciya, amma waɗanda ke cin kaɗan ƙwarai su ma haɗarinsu ya ɗan ɗaga, na tsakiya suka fi tsira. Hayaniya ta tashi tsakanin masana. Masu suka suka ce da fitsarin safe guda ɗaya aka ƙiyasta gishirin da mutum ke ci, wanda ba ma'auni ne mai kyau ba. Suka ƙara da cewa sau da yawa wanda ya rage gishiri sosai dama maras lafiya ne, ciwon ne ya sa ya rage, ba ragewar ta jawo ciwon ba. Har yau ba a gama wannan muhawara ba. Amma ku lura da abin da ake jayayya a kai: iyakar ƙasa ce, wato har ina ya kamata mai lafiya ya rage. Ba ɓangaren da ya ce mai hawan jini ya ci gishiri yadda ya ga dama. Su kansu mutanen Kanadan sun nuna cewa yawan gishiri ya fi cutar da mai hawan jini. Balle a ce a bar shan magani, wannan ba ya cikin takardar kowa. Mai saƙon murya ya ɗauki rabin magana ne ya ƙara mata gishiri.

Bayan haka an yi gwajin da ya fi wancan ƙarfi. A ƙauyuka 600 na arewacin Sin, aka raba kusan mutum 21,000 gida biyu, yawancinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Rabi suka ci gaba da gishirinsu, rabi aka ba su wanda aka cire kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin aka maye da sinadarin potasiyam. Bayan kimanin shekara biyar, a 2021, aka ga shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 12, a wajen masu sabon gishirin. A watan Janairun 2025 OMS ta ba da shawarar manya su koma irin wannan gishiri. Sai dai ban ce kowa ya ruga kanti ba, domin mai ciwon ƙoda potasiyam na iya halaka shi, kuma shawarar ba ta haɗa da yara da masu ciki ba. Sai an tambayi likita.

Akwai kuma wata shawara da ta sauya wadda ta shafe mu Hausawa kai tsaye, ita ce ta kunun kanwa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka lura matan Hausawa da yawa suna kamuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. A 1978 suka buga bayanin mata 224. Suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara da shekaru haka ake koya wa ɗaliban likitanci. Sai ga shi a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken mata sama da 400 masu wannan ciwo daga asibitoci a sassan Nijeriya. Ba su ga alaƙa tsakanin ciwon da kunun kanwa ko wankan jego ba. Abin da suka gani shi ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin da kan zo wa mace lokacin ciki. Wato talauci ya fi kanwa laifi.

Da na karanta wannan na ji daɗi, don an daɗe ana zagin kakanninmu mata a kan abin da wataƙila ba su ne sanadinsa ba. Kuma ya nuna mini cewa sauyin magana ba kullum ne alamar rashin gaskiya ba. Ni kaina nakan gyara wa yaro maki idan na sake duba takardarsa na ga na yi kuskure, kuma ban taɓa ganin uban da ya ce saboda haka ya daina yarda da makaranta ba. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin izini. Kanwa ɗan'uwan gishiri ce, sodiyam ne cike da ita. Ga mai hawan jini, kanwar da aka jefa a wake ko a miyar kuɓewa ko kunu tana shiga lissafi ɗaya da gishiri.

Lissafin nan shi ne inda muke faɗuwa, don haka na gwada shi a gidana. Mu takwas ne. Na rubuta kwanan wata a jikin ledar gishiri mai kilo ɗaya ranar da aka buɗe ta, ta ƙare cikin kwana 25. Giram 1,000 a raba 25, giram 40 ke nan a rana, a raba takwas, kowa ya tashi da giram 5. Tun a nan mun cika ma'aunin OMS. Sai na tambayi uwargida kub nawa take sawa a rana, ta ce shida. Dunƙulen nan, wanda a Kano ake ce wa magi ko wane kamfani ya yi shi, ƙaramin yana da nauyin kimanin giram 4, kuma kusan rabinsa gishiri ne. Ba ɓoyewa aka yi ba, yana rubuce a jikin kwali, mu ne ba ma karantawa. Shida sau biyu, 12, a raba takwas, giram ɗaya da rabi. Jimla shida da rabi. Na yarda wani gishirin yana tafiya a ruwan wanke nama da ganye. Amma uku daga cikinmu ƙananan yara ne da ba sa cin rabin abin da nake ci, kuma ban sa burodin safe ba, ban sa sadin na gwangwani da taliyar yara mai ɗan ƙunshin yaji ba, ban sa kanwa da farin magi ba.

Ban kuma sa soya ba. A nan sai na yi hattara, don ina da ɗalibai da yawa da kuɗin tsire da kilishi ke biya musu makaranta, kuma da wannan sana'a aka san unguwarmu a duk faɗin Yawunde. Ma'aikata daga Bastos da Essos ba don kallon fuskarmu suke cika titinmu da yamma ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake daka yaji ya san abin da ke shiga turmi bayan ƙuli-ƙuli da barkono da citta: gishiri da kub, da hannu biyu. An sa wa naman kafin ya hau wuta, an barbaɗa bayan an yanka, sannan an ƙulla wani a gefen takarda don dangwale. Wannan na ukun shi ne nake roƙon mai hawan jini ya bari.

Na bai wa 'yan ajina wannan lissafi a matsayin aikin gida, kowa ya rubuta ranar da aka buɗe ledar gishiri da ranar da ta ƙare. Wata uwa ta aiko a tambaye ni ko gwamnati ce za ta sa haraji a kan gishiri. Na aika mata cewa a'a, lissafin rabawa muke koyo.

Abin da muka yi a gidana bayan wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Ba mu yanke gishiri rana ɗaya ba, don wanda ya yi haka mako ɗaya zai yi ya koma. Mun rage kaɗan-kaɗan, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku. Haka aka yi a Ingila, masu gidajen burodi da kamfanonin abinci suka riƙa ragewa sannu a hankali, daga 2003 zuwa 2011 abin da mutum ke ci ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1 ba tare da yawancin mutane sun lura ba. Afirka ta Kudu kuwa doka ta kafa, ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade gishirin da za a sa a burodi da dunƙulen miya. Mu dokarmu a gida ita ce in kub ya shiga tukunya, gishiri ya rage rabi, kuma da cokali ake awo, an daina ɗiba da hannu. Daddawa ta dawo, ita da aka kora daga ɗakin girki wai tana wari. Ga tafarnuwa da citta da masoro da kimba, ga njansang da muka koya wurin maƙwabta, ga lemun tsami. Gishirin da muke saye kuma har yanzu na leda ne mai aidin, a rufe cikin kwalba nesa da murhu. Na faɗi haka ne don na ji wasu matasa suna yayata cewa gishirin dutse shi ne "na asali" da ba ya hawar da jini. Sodiyam ɗinsa yana nan, aidin ne kawai babu.

Kawu yana gida yanzu. Magana ta dawo, ko da yake tana ɗan sarƙewa, yana kuma takawa da sanda zuwa ƙofar gida. Babban ɗansa ya bar karatu a ajin ƙarshe na sakandare ya hau keken ɗinki, muna ta fama a ga ko zai zauna jarrabawa baɗi. Mun haɗa kuɗi mun sayi abin awon jini na batir, yana ajiye a shagon, duk telan layin da ya haura shekara 40 yana zuwa a ɗaura masa ranar Asabar. Mutum huɗu aka riga aka tura asibiti. Makon jiya na karanta wa Kawu wannan rubutu kafin in miƙa wa edita. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in cire inda na faɗi yawan kub ɗin da Inna ta sa, kada ta ji kunya. Inna tana daga bakin murhu ta ce a bar shi, ai ba ita kaɗai ke yi ba.

Maganar kuɗin littattafai sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.